Kafin a Haƙa Gadar Ƙasa a Bauchi, a Fara Sanin Abin da Ke Ƙasa

Masu haƙa rijiya a Inkil da ke gefen Bauchi sun daɗe da sanin abin da injiniyoyi ke kashe kuɗi su gano. Sai ka ga wani gida an sauka gaba biyu an ci karo da dutse, aiki ya tsaya, maƙwabcinsa kuwa an ratsa marmara da ruɓaɓɓen dutse har an tarar da ruwa. Unguwa ɗaya, ƙasa iri-iri.

Dalili shi ne Bauchi tana zaune ne a kan tsohon dutse mai tauri, irin wanda ya leƙo waje a duwatsun da suka kewaye gari. Ruwan sama yana bin tsagar dutsen yana ruɓar da shi, amma ba bai ɗaya ba. Inda tsaga ta yi yawa ruɓewar kan yi zurfi, ruwa ya kwanta. Inda babu, dutse na nan dab da sama. Wani lokaci ma ƙaton dutse kan zauna shi kaɗai a tsakiyar ƙasa mai laushi, mai haƙa ya ɗauka ya kai tushe.

Inkil, inda Malam Yakubu ya zauna kafin ya kafa birnin Bauchi a 1809, yau gari ya cim mata ta hanyar Gombe. Bauchi ta shiga zamanin gadar sama, Kano da Katsina kuwa tuni suka yi gadar ƙasa, kamar ta Gadon Ƙaya da ta Ƙofar Ƙaura. Duk aikin da zai nutsa cikin ƙasa, gada ce, babban kwalbati ne ko hanyar bututu, wannan bambancin na ƙasa zai tarar.

Binciken ƙasa yana da tsari. Ana fara da abin da aka riga aka sani: taswirar duwatsu ta Hukumar Binciken Ma'adinai ta Ƙasa, nazarin da aka yi a Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, da bayanan masu rijiyar burtsatse. A ganina nan ne ya kamata a zauna da tsofaffin masu haƙa rijiya, don sun san inda da can fadama ce aka cike. Daga nan sai a tura lantarki cikin ƙasa da na'ura, domin jiƙaƙƙiyar ƙasa na barin wuta ta wuce, busasshen dutse na tare ta. Wannan hasashe kawai yake bayarwa, amma shi ke nuna inda za a huda. Hudar ita ce shaida: a ciro dutsen a duba tsagarsa, a ƙasa mai laushi kuma a saki guduma mai kilo 63.5 a ƙirga bugu nawa ke nutsar da ƙarfe santimita 30.

Sai ruwa, wanda shi aka fi yi wa gaggawa. Awon da aka yi a watan Maris ba ya faɗin inda ruwa zai kai a Agusta. Dole a bar bututun awo a rami ya ga rani ya ga damina.

Tsallake bincike yana da haɗari: a 1908, masu haƙa ramin jirgin ƙasa na Lötschberg a Suwizalan sun ɗauka dutse ne a gabansu, ba a huda an tabbatar ba. Suka fasa cikin yashi da ruwa, ma'aikata 25 suka rasu, dole aka karkatar da hanyar.

Don haka muna kira ga Ma'aikatar Ayyuka ta Jihar Bauchi: a ware kuɗin binciken ƙasa daban, a kammala shi kafin a ba da kwangila, kuma a adana rahoton kowace huda inda injiniyan gobe zai same shi.