Wanda Ya Tsira Daga Rigyawa, Kada Ya Nutse a Ƙwarya

Karatunmu na yau yana cikin Farawa 9:20-27 da Romawa sura 14.

In aka yi wa mutum faɗa a kan giya, yakan ce, "Ai al'adarmu ce." Gaskiya ne al'adu sun bambanta. A Faransa da Italiya ana ajiye ruwan inabi tare da abinci. Maƙwabtanmu Musulmi kuwa addininsu ya haramta musu ita. A nan Michika, kakanninmu Kamwe sun dafa burkutu domin gayyar noma da biki da makoki.

Amma burkutun kakanni yana da iyaka. Sai an jiƙa dawa ta tsira, an niƙa, an dafa, an jira kwanaki. Ana sha a taro, a gaban dattawa, bayan an gama aiki. Ƙarfinsa bai cika wuce kashi 6 cikin 100 ba. Ogogoro da barasar ƙananan kwalabe kuwa sukan kai kashi 40, yaro yakan saka a aljihu ya sha shi kaɗai. A 2015 ogogoro mai guba ya kashe mutane da dama a jihohin Ondo da Ribas. A 2024 hukumar NAFDAC ta sanar da hana yin barasa a leda da ƙananan kwalabe. Wannan ce al'adar da muka gada?

Ku dubi Nuhu. Mutum ne adali, Allah ya fisshe shi daga ruwan tsufana. Ruwan da ya hallaka duniya bai ci shi ba, amma ruwan gonarsa ya kā da shi. Ya bugu, ya kwanta tsirara, kunya ta shiga gidansa, la'ana ta sauka a kan jikansa.

A Satumba 2014 Boko Haram suka kama Michika, muka watse cikin duwatsu. Allah ya dawo da mu. Waɗansunmu har yau suna sha domin su manta. Ɗan'uwa, giya ba ta share baƙin ciki. Takan cinye hanta, ta ƙarar da dawar rumbu, ta kori yara daga makaranta, ta sa hannu ya tashi a kan mace.

Manzo Bulus ya koya wa Romawa kada abin da mutum ke ci ko sha ya sa ɗan'uwansa tuntuɓe. Ɗanka yana kallonka, sabon tuba ma haka.

In ka daɗe kana sha kullum, kada ka yanke farat ɗaya kai kaɗai, gama yakan kawo rawar jiki da farfaɗiya. Je asibiti, ka kuma gaya wa fasto ko dattijon ikkilisiya. Mu kuma masu bi, kada mu yi masa dariya, mu riƙe shi.

Mu yi addu'a. Ya Uba, kai da ka cece mu daga takobi, ka cece mu daga ƙwarya. Cikin sunan Yesu. Amin.