Ƙafa Biyu Ko Ƙafa Huɗu: Ina Makomar Direba?

Duk inda masu sha'awar motocin gudu suka haɗu, da wuya a tashi ba a tafka musu a kan tambaya guda ba: shin wacce ta fi, motar da injinta ke juya ƙafafun baya kaɗai, ko kuwa wadda ke raba ƙarfinsa ga ƙafafu huɗu? Tambaya ce mai ma'ana, sai dai a ganina an bar jaki ana dukan taiki, domin ba kasafai ake sanya wanda ke riƙe da sitiyari cikin lissafin ba.

Musun ya samo asali ne a Turai. A shekarar 1980 kamfanin Audi na Jamus ya baje kolin motarsa Quattro a birnin Janiba, sunan da ke nufin "huɗu" da harshen Italiyanci. A 1981 Michèle Mouton, 'yar ƙasar Faransa, ta lashe tseren Sanremo da wannan mota, ta zama mace ta farko da ta ci wani zagaye na gasar duniya ta tseren hanyoyin daji. Daga nan sauran kamfanoni suka bi sahu. Porsche ma ya fito da Carrera 4 a 1989, kuma har yau yana sayar da samfurin 911 iri biyu, mai saye ya zaɓa.

To, mene ne bambancin? Abin da ke haɗa kowace taya da kwalta bai wuce faɗin tafin hannu ba. Idan inji mai ƙarfi ya juye dukan ƙarfinsa a kan tayoyi biyu, musamman bayan ruwan sama, sai su yi ta juyi a banza, ko gindin motar ya zame a kwana. Raba ƙarfin ga tayoyi huɗu yana rage wannan, motar ta tashi cak ba tare da tangaɗi ba. Amma komai da farashinsa: ƙarin nauyi, ƙarin shan mai, da tsadar gyara. Ita kuwa mai ja da baya ta fi sauƙin jiki, kuma takan sanar da direba tun da wuri cewa ya kusa wuce gona da iri.

Abin lura a nan, mai karatu, shi ne ja da ƙafa huɗu taimako ne wajen taka totur, ba wajen taka birki ba. Kowace mota tana da birki a ƙafafunta huɗu. Idan aka ninka gudu sau biyu, tazarar da birki ke buƙata kafin mota ta tsaya takan ninku sau huɗu, ko wace iri ce. Haɗarin shi ne motar da ba ta zamewa wajen tashi takan ruɗi mai ita, sai ya shiga kwana da gudun da tayoyin ba za su iya ɗauka ba.

Wannan ya kawo mu ga batun horo. Porsche ya buɗe makarantar tuƙinsa a 1974, BMW a 1977, inda ake koyar da birkin gaggawa da sarrafa mota a kan santsi. Sai dai ba kowane horo ne ke haifar da ɗa mai ido ba. A Norwe, binciken Alf Glad na 1988 ya nuna cewa bayan an tilasta wa sababbin direbobi darasin tuƙi a kan santsi, haɗurran samari a irin wannan hanya ƙaruwa suka yi. Darasin ya ƙara musu yarda da kai fiye da yadda ya ƙara musu ƙwarewa. Tsarin cibiyar ƙwararrun direbobi ta Birtaniya, wadda aka kafa a 1956, ya fi karkata ga hangen nesa: duba can gaba, barin tazara, da rage gudu kafin kwana. Wato ƙwararre shi ne wanda ba ya jefa kansa inda zai buƙaci nuna ƙwarewa.

Shawarata ga wanda ke shirin sayen irin wannan mota, ko da ta hannu ce daga Turai, ita ce ya fara tabbatar da tana da na'urar hana zamewa, wadda Mercedes-Benz da Bosch suka fito da ita a 1995, Tarayyar Turai kuma ta wajabta ta ga dukan sababbin motoci daga Nuwamba 2014. Sannan ya sa mata tayoyi masu inganci, ya kuma ware wa kansa kuɗin horo kafin ya biya kuɗin ƙarin ƙafafu biyu. Mai yawan tafiya da damina ko a hanya mai yashi yana da hujjar zaɓen ƙafa huɗu. Amma ya tuna iyakar gudun ƙananan motoci a manyan titunanmu kilomita 100 ne a awa, kuma ba filin tsere ba ne: akwai babura, akwai shanu, akwai yara masu tsallaka titi.

Doki kome ƙarfinsa, linzami ke juya shi, linzami kuwa yana hannun mahayi.