Ranar da Aka Nemo Shekarun Baba Maigadi

Wani ƙorafi da na sha ji daga malaman lissafi ne ya kai ni ƙaramar sakandaren wani ƙauye: wai yara sun iya tarawa da ɗebewa, amma da zarar tambaya ta zo a siffar labari sai su yi cirko-cirko. Shugaban makaranta ya ba ni ruwan randa, ya raka ni aji biyu.

Allon na siminti ne, an shafe shi da baƙin batir, gefensa ya koɗe. Malam ya rubuta tambayar da Turanci, ya juyo ya faɗe ta da Hausa: shekarun uba sun ninka na ɗansa sau uku, nan da shekara 12 kuma sau biyu za su ninka. "Wanda ba mu sani ba, mu raɗa masa suna," in ji shi. "Shekarun ɗan su ne x, na uba 3x." Wurin tuntuɓen ɗaya ne: yara su ƙara wa uba 12, su bar ɗan yadda yake, kamar shi ba ya girma. Wata yarinya a bencin gaba ta fito ta rubuta 3x + 12 = 2(x + 12). Ɗa 12, uba 36.

Malam ya gaya musu cewa wannan fanni na aljabara ba baƙo ba ne a gidajensu. Sunansa daga kalmar Larabci ta aljabar ya fito, daga littafin da Muhammad ɗan Musa Alkhawarizmi ya rubuta a Bagadaza wajen shekarar 820, kuma kaso mai yawa na littafin kan rabon gado da wasiyya ne. Na ga yaran sun gyara zama.

Duk wannan lokaci akwai wani dattijo jingine da taga, sandarsa a hammata. Maigadin makarantar ne. Da aka kusa tashi ya yi sallama.

"Malam, a taimaka a nemo mini nawa x ɗin."

Ba wanda ya yi dariya. Ya ce ba a rubuta ranar haihuwarsa ba. Da ya je yin katin ɗan ƙasa, sai da aka dubi furfurarsa aka ƙiyasta, domin shi kansa ba shi da amsa. Abin ya daɗe yana cin sa. Jikoki su tambaya, ya ce Allah masani.

"To Baba, me ka riƙe?"

Ya riƙe abubuwa biyu. Yaron nan, haka ya kira ɗansa na fari saboda alkunya, an haife shi shekarar da aka kashe Murtala. Shekarar da soja suka miƙa wa Obasanjo mulki kuma aka yi wa yaron haihuwar fari, ranar suna mahaifiyar Baba ta ce masa, "Kai ma daidai shekarunsa kake lokacin da aka haifa maka shi."

Malam ya miƙa wa yarinyar nan alli. Ta rubuta 1976 da 1999, tsakani 23. Ta ce x shi ne shekarun Baba ranar da aka haifi ɗansa; bayan shekara 23 ya ninka ɗan, wato x + 23 = 46. Ke nan x 23 ne, an haifi Baba a 1953.

Abin da ya fi burge ni shi ne Malam bai tsaya nan ba. Ya ce amsar da ba a gwada ba ba ta gama nuna ba. "In haka ne, Baba, shekarar 'yancin kai, 1960, kana da bakwai. Me ka tuna?"

Dattijon ya yi shiru, ya kai yatsa bakinsa. "Ina famfara," ya ce. "Haƙoran gaba biyu babu. Ina kiwon awakin kawuna."

Ajin ya kaure da tafi. Malam ya ja hankalinsu cewa ƙwaƙwalwar tsohuwa tana iya gocewa da shekara ɗaya ko biyu, kuma lissafi ba ya wuce gaskiyar abin da aka ba shi. Baba bai damu da wannan ba. Ya roƙi yarinyar ta rubuta masa lambar a takarda. Ta yago gefen littafinta, ta rubuta 1953 da manyan lambobi, ta durƙusa ta ba shi. Ya ninke takardar sau huɗu, ya cire hularsa ya sa a ciki, sannan ya tafi buga ƙarfen tashi.