Aikin Mai Kula da Tukunyar Tururi a Masaƙun Kakuri

Idan ana maganar masaƙun Kakuri, a kudancin Kogin Kaduna, hankali yakan tafi ga masu saƙa da rini. Ba a cika tunawa da ma'aikacin da ke can bayan masana'anta ba, wato injiniya mai kula da injinan da aka girke wuri guda: tukunyar tururi da famfunan ruwa da injin matsa iska da janareta. Alhali kuwa tun daga 1957, lokacin da masaƙar KTL ta fara aiki, har zuwa zamanin Arewa Textiles da UNTL, babu atamfar da ta fito ba da hannunsa ba. Da tururi ake busar da zaren da aka sa wa sitaci, da shi ake dafa rini, da shi ake busar da yadi.

Tukunyar tururi babbar ganga ce ta ƙarfe, a rufe ruf, wadda ake hura wa wuta da baƙin mai. A buɗaɗɗiyar tukunya ruwa yana tafasa ne a digiri 100, amma idan aka matse shi ninki goma na nauyin iska, sai ya kai wajen digiri 180. A nan haɗarin yake. Idan gangar ta tsage, wani kaso na ruwan yakan rikiɗe ya zama tururi nan take, girmansa ya ninka kusan sau 1,600.

Saboda haka abin da mai wannan aiki ya fi sa wa ido shi ne gilashin da ke nuna tsayin ruwa. In ruwa ya ja baya, wuta ta ci gaba da ci, bututai sukan yi ja su yi laushi. Wanda bai ƙware ba sai ya yi gaggawar tura ruwan sanyi, wanda hakan na iya fasa tukunyar. Ƙwararre kashe wutar yake fara yi. Haka nan yakan gwada bawul ɗin da ke sakin tururi idan matsi ya wuce kima.

Sai kuma ruwan kansa. Malami zai iya nuna wa ɗalibai farin ɓawon da ke taruwa a cikin butar shayi. Irinsa ne ke manne wa bututai, ya hana zafi ratsawa, mai ya ƙone a banza. Don haka ake tace ruwan, ana kuma zubar da na gindi lokaci-lokaci. Dokar Masana'antu ta 1987 ma ta wajabta wa masu masana'anta kawo sufeto ya duba tukunya. Da hunturu kuwa aikin ƙaruwa yake yi, domin busasshiyar iska tana tsinka zare, dole a riƙa fesa laima a ɗakin kaɗi.

An rufe KTL a 2002, UNTL ta dakatar da aiki a 2007, kuma tsadar baƙin mai da rashin wutar lantarki suna cikin dalilan. Sana'ar dai tana nan a kamfanonin lemo da na sarrafa abinci, da manyan asibitoci.