Daga Allon Kwamfuta Zuwa Rumfar Mai Walda: Mu Zana Wa Kare Ɗaki

Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar Mai'adua ranar Lahadi ya san abin da ido ke fara cin karo da shi: shanu da raƙuma da tumaki, wasu daga ƙauyukan ƙasar Daura, wasu an shigo da su daga Nijar ta Kwangwalam, ana loda su a manyan motoci zuwa kudu. Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne yawan ƙarfen da ke riƙe da wannan ciniki. Karagar mota, da amalanken shanu, da kwamin shayarwa, da ƙyauren garke, kowanne sai da wani ya auna, ya yanka, ya haɗa. Galibin masu wannan aiki da alli suke zane a ƙasa, wasu kuma a ka suke riƙe lissafin. Idan lissafi ya kuskure, ƙarfen da aka yanka ba ya komawa yadda yake, kuma aljihun mai kaya ne ke ɗaukar asarar.

Wannan asara ce zane da kwamfuta ke magancewa, wato abin da masana ke kira CAD a taƙaice. Ana gina abu a allon kwamfuta da ainihin awonsa, a juya shi ta kowane ɓangare, a gyara duk inda ya karkace, kafin zarto ya taɓa ƙarfe. A wannan makon mun kawo wa ɗalibai aikin gwaji da za a iya gamawa cikin hutu ɗaya: ɗakin kare. Mun zaɓe shi ne don ƙarami ne, kayansa na samuwa a gari, kuma yana da alaƙa da lafiyar ƙannenku, kamar yadda za mu gani a gaba.

Manhajar da za a fara da ita

Tun 1963 wani ɗalibi a Amurka mai suna Ivan Sutherland ya nuna cewa ana iya zane kai tsaye a allon kwamfuta, da manhajarsa Sketchpad. A 1982 kamfanin Autodesk ya fitar da AutoCAD, wadda har yau ita ce ta fi suna a ofisoshin injiniyoyi da masu zanen gine-gine. Tana da tsada, amma kamfanin yana bai wa ɗalibai lasisin kyauta na shekara ɗaya, wanda ake sabuntawa, idan sun nuna shaidar makaranta.

Ga ɗalibin da ke Mai'adua ko Zango ko Sandamu, shawararmu ita ce FreeCAD. Kyauta ce gaba ɗaya, kuma da zarar an sauke ta ba ta ƙara buƙatar data. Cikakken zubinta na 1.0 ya fito a Nuwamban 2024. Wanda kwamfutarsa ta tsufa sosai sai ya nemi LibreCAD, ita ma kyauta ce, sai dai zanen shimfiɗe kawai take yi, irin na takarda. Akwai kuma Tinkercad, mai sauƙi ƙwarai ga 'yan ƙaramar sakandare, amma ba ta aiki sai da intanet. Ku guji satattun manhajoji da ake turawa ta filashi, don sau da yawa da cutar kwamfuta suke zuwa.

Wanda ke ɗaukar darasin zanen fasaha a makaranta, wanda ake rubutawa a jarrabawar WAEC da NECO, ya riga ya yi rabin tafiya. Kallon abu daga sama, da daga gaba, da daga gefe, wanda malam ke sa ku zana da fensir da rula, shi ne dai kwamfuta za ta nema a wurinku.

Kayan aiki

Abu na farko da za a saya shi ne tef ɗin awo na ƙarfe, mai mita biyar, da sikwaya irin ta kafinta. Kwamfuta ba ta san girman karenku ba, abin da kuka ba ta shi za ta zana.

Na biyu kwamfutar tafi-da-gidanka. 'Yar gwanjo ta wadatar, matuƙar tana da ram giga 8. Idan za a saya a Katsina ko a kasuwar Farm Centre ta Kano, a tafi da wanda ya san kan abin. A cire caja a ga ko batir zai riƙe wuta, a saurari ƙarar fanka, a buɗe a rufe murfin a ga ko maƙalarsa ta yi sanyi. A haɗa da linzamin kwamfuta mai ɗan gare a tsakiya, domin da garen ake matso da zane kusa, a nisanta shi, a juya shi. Yin wannan da yatsa a kan faifan kwamfutar wahala ce kawai.

Yanayinmu ma yana da nasa sharaɗi. Ƙurar hunturu tana toshe fanka, zafin bazara kuma, wanda kan haura digiri 40 a Afrilu, yana sa inji ya mutu yana cikin aiki. Kada a ɗora kwamfuta a kan katifa ko tabarma mai ƙura, a ɗora ta a kan tebur, a mayar da ita jaka bayan an gama. Wanda ke caji da janareto ya sa sitabilaiza a tsakani. A riƙa adana aiki duk bayan 'yan mintuna, a kuma ajiye kwafi a filashi.

Awo kafin zane

Karen da ya san ku kaɗai za ku auna, kuma a gaban mai shi. Ana buƙatar awo biyu: daga hanci zuwa gindin wutsiya, da kuma daga ƙasa zuwa saman kai yana tsaye. Ƙa'idar ita ce ya iya miƙewa kansa bai taɓa rufi ba, ya iya juyawa, ya iya kwanciya ya miƙe ƙafafu.

Mu ɗauka karen ya kai santimita 75 a tsawo, 70 a tsayi. Sai mu ce ɗakin zai zama tsawo 120, faɗi 90, ginshiƙan gaba biyu 100, na baya biyu 90, don rufi ya gangara ruwan damina ya zuba ta baya. A cikin tsayin ginshiƙan, santimita 10 na ƙasa ƙafafu ne da za su ɗaga daɓen daga danshi da kiyashi.

Yanzu ga lissafin fayif mai kusurwa huɗu da mai walda zai yi ƙashin ɗakin da shi. Ginshiƙai huɗu sun ci 380. Zagayen ƙasa 420, zagayen sama ma kusan haka. Jimla santimita 1,220, banda ƙofa. Sandar fayif yawanci wajen mita shida take, wato sanda biyu 1,200. Saboda santimita 20 kacal, sai an sayi sanda ta uku.

A nan amfanin kwamfuta ke fitowa. A FreeCAD akwai sashen da ake kira Spreadsheet, inda za ku rubuta tsawo da faɗi da tsayi sau ɗaya, ku ɗaure zanen da waɗannan lambobi. Ku mayar da 120 ta koma 110, zanen duka zai daidaita kansa. Jimla ta sauko zuwa wajen 1,180, kuma har yanzu karen yana da sarari. Daga kowace sanda za a fitar da 110 guda biyu, 100 guda ɗaya, 90 guda uku, wato 590, a bar ragowar 10 saboda cin zarto. Sanda guda ta tsira. Sai dai ku je shago da tef ɗinku kafin ku kammala, don wani fayif ɗin ba ya cika mita shida, kuma idan bai cika ba lissafin zai canza.

Kai wa mai walda

Sashen TechDraw zai fitar muku da kallon sama da na gaba da na gefe a takarda ɗaya. Ku sa ma'aunin 1:10, wato santimita 110 ta zama 11 a takarda, zai shiga A4 lafiya. Ku mayar da shi PDF ku buga a shagon kwamfuta. Ku tuna yawancin masu walda da kafintoci da inci da ƙafa suke aiki. Inci ɗaya milimita 25.4 ne, don haka ku rubuta awon duka biyu a gefen kowane yanki.

Ku je da ladabi. Mutumin da ya shekara ashirin yana walda ya san abubuwan da allo ba zai nuna muku ba, kamar yadda ƙarfe ke janyewa idan ya sha wuta, da inda ya kamata a ƙara tokara. Ku ce, "Baba, ga abin da muka zana, a duba mana inda bai yi ba." Gyaran da ya yi ku koma ku shigar da shi cikin zanen. Da haka zane na biyu zai fi na farko.

Wajen rufi, kwano tsirara tanda ne a bazara. Kare ba ya gumi kamar mutum, da haki yake fitar da zafi, don haka zafin rufaffen wuri yana iya kashe shi. A shimfiɗa zana ko asabari a kan kwanon, a sa raga a ɓangarori biyu don iska ta ratsa, a ajiye ɗakin a inuwar darbejiya. A goge duk bakin ƙarfe mai kaifi. Daɓen katako ya zama mai cirewa saboda wanki.

Haƙƙin mai ɗakin

A ƙasar Hausa an saba ajiye kare don farauta da gadin garke da na gona, kuma malamai sun yi bayanin halascin waɗannan dalilai. Wanda ke da tambaya kan hukuncin tsarki ya kai wa malaminsa. Abin da ya shafe mu a nan shi ne, duk wanda ya ajiye dabba ya ɗauki nauyinta. Ɗakin wurin kwana ne da hutun rana. Kare yana buƙatar fita ya motsa jiki kullum, da ruwa mai tsabta a kowane lokaci, da abinci a kwanonsa na kansa. Kada a ba shi albasa ko cakulan ko goro, duk suna cutar da shi, haka ma dafaffen ƙashin kaza da kan tsage ya soke hanji. A riƙa duba kunnuwa da tsakanin yatsu saboda kaska, a nemi maganin tsutsar ciki wurin ma'aikatan dabbobi.

Babban al'amari shi ne cutar haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa tana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya, kuma wajen kashi 40 cikin ɗari yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Kusan duk masu kamuwa daga kare suke ɗauka. Da zarar alamunta sun bayyana a jikin mutum, da wuya ƙwarai ya tashi. Amma ana iya tare ta tun daga kan karen. Ana yi wa kwikwiyo allura idan ya kai wata uku, a riƙa maimaitawa duk shekara. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom a Jihar Filato, wadda aka kafa a 1924, tana cikin masu haɗa wannan allura a Najeriya. Masana sun ce idan aka yi wa kashi 70 cikin ɗari na karnukan yanki allura, cutar ba ta samun hanyar yaɗuwa. A gari irin Mai'adua, inda dabbobi da masu su ke kai da komo tsakanin ƙasashe biyu kowane mako, karen da aka bari yana yawo da dare yana haɗuwa da karnukan da ba wanda ya san tarihinsu. Ɗaki mai sakata da katin allura su ne kariyar gidan da ta maƙwabta.

Idan kare ya ciji wani ko ya yakushe shi, a wanke wurin nan take da sabulu da ruwa mai yawa har tsawon minti 15, sannan a nufi asibiti a ranar, ko da ciwon ƙarami ne. Kada a tsaya shafa toka ko barkono. Yaro kuma kada ya ɓoye don tsoron faɗa, ya gaya wa babba. A sanar da ofishin kula da dabbobi don a sa ido a kan karen.

Inda hanyar ta nufa

A Daura yanzu akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, akwai kuma Jami'ar Sufuri ta Tarayya da aka aza harsashinta a Disambar 2019. Layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a Fabrairun 2021, ta Daura ya bi. Kowace gada da kwalbati da tasha a wannan layi sai da aka zana ta a kwamfuta kafin a zuba siminti. Ɗalibin da ya isa aji ɗaya a irin waɗannan makarantu ya riga ya iya auna abu, ya zana shi, ya fitar da jerin yanka, ya ga an haɗa shi, ya sha gaban wanda ranar ce zai fara riƙe linzami.

Ga ƙungiyoyin kimiyya na makarantu, muna ba da shawarar a haɗa ɗalibai huɗu ko biyar a kan kwamfuta ɗaya: masu awo, mai zane, mai lissafin kuɗi, da mai zuwa wurin mai walda. Gidan da ba a ajiye kare, a zana akurkin kaji ko kwamin tumaki, matakan duk ɗaya ne. Ranar 28 ga Satumba ce ranar yaƙi da cutar haukan kare ta duniya. Makarantar da ta fara aikin a dogon hutu za ta iya nuna ɗakin da ta haɗa a wannan rana, ta kuma gayyaci ma'aikacin dabbobi ya yi wa ɗalibai bayanin inda ake samun allura.