Birkin Gaba da Saƙon da Ke Yawo Tsakanin Masu Babura a Gombe

Tun bayan janye tallafin man fetur a ranar 29 ga watan Mayun 2023, duk wata dabara da aka ce tana rage shan mai takan samu kasuwa a wajen masu babura, kuma a wannan yanayi ne wani saƙo ke ta zagaya wayoyin 'yan acaɓa da ma'aikata da ɗalibai a garin Gombe, yana koya musu yadda za su gyara mashin a gida ba tare da sun je wurin bakanike ba. Saƙon ba ƙarya ba ne daga farko har ƙarshe, wanda hakan ne ma ya sa yake da haɗari, domin shawarar da ya bayar a kan duba iskar taya da goge filogi da shafa wa sarƙa mai duk daidai ce, sai mai karatu ya saki jiki ya haɗiye sauran.

Wasu daga cikin sauran ba su cancanci dogon bayani ba. Jefa kafur a tanki ba ya ƙara wa fetur auki, abin da zai iya yi shi ne toshe ƙananan ƙofofin da mai ke bi. Sayen mai da sassafe don wai ya fi kauri bai da wani tasirin da aljihu zai ji, tunda tankunan gidajen mai a ƙarƙashin ƙasa suke, inda zafi ba ya sauyawa sosai tsakanin safiya da rana. Cire matatar iska, wato soson da ke tare ƙura kafin iska ta shiga inji, ganganci ne a garin da hunturu ke lulluɓe shi da ƙura, domin ƙurar za ta cinye ringi da fistin, a ƙarshe kuɗin sauke inji ya ninka abin da aka yi zaton an adana.

Maganar da ke buƙatar a tsaya a kanta ita ce wadda ta ce a sassauta wayar birkin gaba har ya daina kamawa, ko a cire ta gaba ɗaya, bisa hujjar cewa birkin gaba yana riƙe taya ya ƙara shan mai, kuma shi ne ke wuntsila mutum idan ya matse shi. Wanda ya rubuta wannan, da waɗanda suka tura shi ba tare da sun tambayi ko bakanike ɗaya ba, sun ɗauki alhakin da ba su san nauyinsa ba, domin ɓarnar sauran shawarwarin a inji take tsayawa, ita kuwa wannan a jikin mutane take sauka, ciki har da fasinjan da bai san an taɓa komai ba.

Dalilin haɗarin wannan shawara yana cikin yadda nauyi ke motsawa. Duk lokacin da abin hawa ya rage gudu, nauyinsa da na waɗanda ke kansa yakan karkata gaba, kamar yadda ruwa a cikin bokiti ke tunkuɗowa gaba idan mai ɗauke da shi ya tsaya kwatsam. Wannan karkata tana danna tayar gaba a kan kwalta ta ƙara mata riƙo, a lokaci guda kuma tana sauƙaƙa ta baya, ita kuwa taya ba ta iya tsayar da mashin fiye da gwargwadon riƙon da take da shi a ƙasa. Saboda haka mai taka birkin baya kaɗai da ƙarfi yakan kulle tayar da ba ta da nauyi, sai ta ja ƙasa tana ƙara, gindin mashin ya zame gefe, shi kuma yana ci gaba da nufar abin da yake gudun ya buga. Masu koyar da tuƙi sukan ce birkin gaba na ɗaukar kusan kashi 70 cikin 100 na aikin tsayawa. Wannan adadi kiyasi ne da ke sauyawa, domin idan akwai goyo ko buhu a baya rabon tayar baya yana ƙaruwa, amma babu yanayin da birkin baya kaɗai ke tsayar da mashin a tazarar da biyu za su tsayar da shi. Binciken da Harry Hurt ya jagoranta a Los Angeles ta Amurka, wanda aka wallafa a 1981 bayan nazarin haɗurran babura 900, ya gano cewa kuskuren da aka fi yi a lokacin kauce wa karo shi ne kulle tayar baya tare da ƙin amfani da ta gaba yadda ya kamata. Ita ma Indiya, inda ake ƙera Bajaj da TVS da suka cika titunan Gombe, ta wajabta tun daga 2019 cewa ƙananan babura su zo da tsarin da ke kama tayar gaba tare da ta baya idan an taka birki.

Duk da haka, waɗanda suka yarda da saƙon ba wawaye ba ne, kuma tsoronsu yana da tushe. Yawancinsu a hannun yayye da abokai suka koyi tuƙi, a lungunan Bolari ko Jekadafari ko Pantami inda yashi ke kwance, kuma gaskiya ne cewa wanda ya damƙe birkin gaba lokaci ɗaya a kan yashi, ko yana tsakiyar kwana, tayar za ta zame ya sha ƙasa. Da damina ma ruwa kan kwaso yashi ya shimfiɗa a kan kwalta. Sai dai wannan matsala ce ta hannu, maganinta shi ne a riƙa matsawa sannu a hankali ana ƙarawa, a haɗa da na baya, a kuma rage gudu tun kafin a shiga kwana. Batun wuntsilawa ta saman kai kuwa abu ne mai wuyar faruwa a dogon mashin irin Bajaj Boxer mai birkin waya, musamman da goyo a baya. Gombe gari ne da ke cikin kwari, kuma mai gangarowa daga Tumfure a kan hanyar Bauchi da birkin baya kaɗai yana ɗora wa ƙaramin birki aikin da zai sa ya yi zafi ya rage kamawa, alhali idan gudu ya ninka sau biyu tazarar tsayawa takan ninka kusan sau huɗu.

A kan shan mai, akwai ƙwayar gaskiya guda: birkin da aka ɗaure fiye da kima, ko wanda wayarsa ta yi tsatsa ba ta komawa, yana goga ko ba a matsa ba, kuma wannan yana cin mai. Gano shi abu ne mai sauƙi a gida. Ana ɗaga tayar gaba a juya ta da hannu. Idan ta juya sakayau ba tare da ƙarar gugawa ba, birkin ba ya shan ko ɗigo. Idan tana riƙewa, ana warware notin da ke ƙarshen wayar kusa da cibiyar taya kaɗan-kaɗan har ta saki, sannan a matsa hannun birki a tabbatar yana kamawa tun kafin ya kusanci maƙallin hannu. A ƙananan babura na Honda masu irin wannan birki, wasan da ake bari a ƙarshen hannun yakan kasance milimita 10 zuwa 20, sauran kamfanoni kuma kowanne da adadinsa a littafin da ke zuwa da mashin. Idan an ɗaure noti har ƙarshe birkin bai kama ba, to takalman birkin da ke ciki sun cinye, sai a sauya su, kuma ba a bari mai ko giris ya taɓa su.