Littattafan Sihiri da Injina: Abin da Samarin Amurka da Turai Ke Karantawa

Duk malamin da ya taɓa kama ɗalibinsa yana karatun wani littafi a ƙarƙashin benci, alhali kuwa ana tsakiyar darasin lissafi, ya san yaro ba ya ƙin karatu, sai dai ya ƙi abin da aka ɗora masa. To, yau muna so mu ba masu karatunmu labarin waɗansu littattafai da ke hana samari da 'yammata barci a Amurka da Ingila da Kanada, waɗanda kuma sun fara isowa hannun yaranmu ta wayar hannu. Ana rubuta su ne musamman domin masu shekara 12 zuwa 18. Abu huɗu a ke haɗawa a cikinsu: sihiri, da ƙarfin masu masana'antu, da tawayen talakawa, da kuma soyayya, wadda sau da yawa tsakanin mace da mace ce, ko namiji da namiji. Wannan na ƙarshe shi ya fi jawo gardama, za mu kuwa zo kansa, amma gara mu fara daga tushe.

SIHIRI YA ZAMA HAJA

Labarin sihiri ba baƙo ba ne gare mu. Tun 1934 aka buga Ganɗoki na Malam Bello Kagara, wanda jarumin cikinsa ya yaƙi Turawa, sa'an nan ya faɗa ƙasar aljannu. Amma a irin labarunmu na dā, sihiri abin mutum ɗaya ne: zobe ne, ko laya, ko aljanin da ya ga dama ya taimaki wani. A waɗannan sababbin littattafai kuwa, sihiri ya zama haja. Ana haƙo shi kamar kuza, ana tace shi, ana auna shi, ana sayarwa. Yana da attajirai, yana da leburori. Watau tambayar da littafin ke yi ita ce: wa ke shan wahalar samo shi, wa kuma ke cin ribarsa?

Ga misali. A 2015 Leigh Bardugo, wata Ba'amurkiya, ta fitar da Six of Crows. Labarin yana faruwa ne a Ketterdam, wani birnin 'yan kasuwa da ta ƙaga, ta kwaikwayo shi daga Amsterdam ta ƙasar Holan. A duniyar nan akwai masu baiwar sihiri, sai wani masani ya haɗa wani magani da ke ninka ƙarfinsu ninkin-ba-ninkin, amma duk wanda ya sha ya zama bawan maganin har ya hallaka. Nan da nan gwamnatoci da attajirai suka shiga rububin mallakar sirrin haɗa shi, aka yi hayar waɗansu yara shida marasa galihu su je su sato masanin daga kurkuku.

A 2019 Nina Varela ta fitar da Crier's War. A cikinsa mutane ne suka ƙera waɗansu halittu masu kama da mutum ta hanyar ilmin haɗe-haɗe, domin su yi musu bauta, sai reshe ya juye da mujiya, ƙerarrun suka ci mutane da yaƙi suka mai da su barori. Amma su ma ƙerarrun ba su rayuwa sai da wani ja-jan abu da a ke sarrafawa a wuri guda tak, saboda haka duk wanda ya riƙe wurin nan ya riƙe ƙasa.

A 2021 kuma littafin Xiran Jay Zhao, mai suna Iron Widow, ya fito daga Kanada. Shi kuwa labarin manyan injinan yaƙi ne waɗanda ba su motsi sai da ƙarfin ran mutum biyu, saurayi da budurwa. Saurayin ya kan fito da lambar yabo, budurwar kuwa galibi gawarta a ke fitarwa, a biya iyayenta, a kawo wata. Yarinyar da ta ƙi wannan tsari an sa mata suna Wu Zetian, sunan macen da ta hau gadon sarautar ƙasar Sin daga 690 zuwa 705.

INDA ABIN YA SAMO ASALI

Kada mai karatu ya zaci marubutan nan daga iska suka tsinci wannan tunani. Tarihin masana'antun ƙasashensu ne suka rufa wa mayafin tatsuniya. A Ingila an yi doka a 1833 wadda ta hana sa yara 'yan ƙasa da shekara 9 aiki a masaƙu. A 1888 mata da 'yammata kimanin 1,400 na wata masana'antar ashana a London suka yi yajin aiki, saboda ƙarancin lada, da tara da a ke cinsu, da kuma gubar da a ke yin ashanar da ita, wadda ke ruɓar da muƙamuƙin ma'aikaci. A 1911 gobara ta kashe ma'aikata 146 a wata masana'antar ɗinki a New York, yawancinsu mata ne matasa, domin an kulle ƙofofi. Mu ma a nan ba mu manta da ranar 18 ga Nuwamba, 1949 ba, da 'yan sanda suka harbe mahaƙa kwal 21 a Inugu.

Har wa yau abin bai ƙare ba. Wayar da yaro ke karatun littafin a kanta tana aiki ne da batir, batirin kuwa yana bukatar wani ma'adini da a ke kira kobal, wanda fiye da rabin na duniya daga ƙasar Kwango ya ke fitowa, inda an sha samun yara a ramukan haƙa. Ashe ke nan yaron da ya karanta labarin sihirin da a ke tatsa daga jinin talaka, in ya sami malami mai hankali, ba zai sha wuyar gane darasin tarihi da na tattalin arziki ba.

Tawaye kuwa shi ne gishirin labarin. Wanda ke karatun yana cikin shekarun da kowa ke ba shi umurni, shi kuwa ba ya ba kowa. Saboda haka in ya ga tsararsa ta tsaya gaban sarki ko attajiri, sai ya ji kamar shi ne. Wannan ne ma ya ɗaukaka Children of Blood and Bone na Tomi Adeyemi a 2018, ita kuwa Ba'amurkiya ce 'yar asalin Nijeriya, ta gina labarinta kan al'adun Yarabawa.

MAGANAR SOYAYYA

Yanzu mu zo ga abin da muka ajiye. A Crier's War, Ayla, baiwar da ta shiga fada da niyyar kashe 'yar sarki domin ɗaukar fansar iyayenta, ita ce ta ƙare da son 'yar sarkin nan. A littattafan Bardugo biyu, biyu daga cikin yaran nan shida, Jesper da Wylan, samari ne da suka so juna. A Iron Widow mutum uku ne, mace ɗaya da maza biyu, kowa na son kowa.

Ta fuskar ginin labari, dalilin ba ɓoyayye ba ne. Soyayyar da aka haramta ita ce ke sa tawaye ya tashi daga maganar baki ya zama abin da mutum zai iya rasa ransa a kai. Ayla ta rantse za ta rushe gidan sarauta, ga shi kuwa zuciyarta na cikin gidan. Kowace hanya ta bi, akwai abin da za ta yi hasara. Su kuma marubutan, da yawansu su kan ce sun tashi ba su taɓa ganin mai irin halinsu a littafi ba, sai dai a matsayin abin dariya ko wanda za a kashe, shi ya sa su ke rubuta wa yaran da ke jin su kaɗai ne a duniya.

Ko a can ma ba a taru an zama ɗaya ba. A 1993 an ƙona Annie on My Mind na Nancy Garden, labarin 'yammata biyu, a birnin Kansas, aka kuma cire shi daga laburaren waɗansu makarantu, sai a 1995 alƙali ya yi hukunci a mayar da shi. A 2023 Ƙungiyar Laburare ta Amurka ta ƙidaya littattafai 4,240 da aka nemi a kawar daga makarantu da laburare, kusan rabinsu kuwa na maganar masu son jinsinsu ne, ko baƙar fata da sauran waɗanda ba Turawa ba. Waɗansu iyaye na cewa hakkinsu ne su zaɓa wa 'ya'yansu abin karatu; ma'aikatan laburare kuwa na cewa uba na iya hana ɗansa, amma ba shi da ikon hana ɗan maƙwabci.

ABIN DA YA RAGE GA MALAMI

Mun san al'adar yawancin jama'armu da koyarwar addinansu sun sha bamban da abin da ke cikin littattafan nan, tun 2014 kuma akwai dokar da ta hana auren jinsi ɗaya a Nijeriya. Ba mu ɓoye wannan ba, ba mu kuma ɓoye abin da littattafan suka ƙunsa ba, domin malami ya yi shawara da idonsa buɗe. Abin da mu ke tsoro shi ne hukunci bisa jita-jita. A 2007 an ƙona littattafan soyayya na Hausa a bainar jama'a a Kano, amma ba a daina rubuta su ba, ba a daina karanta su ba. Sai ma suka koma cikin waya, inda ba malamin da ke ganinsu.

Saboda haka shawararmu ga malamai da akawuna, da duk wanda ke da ɗa mai karatu, ita ce: in ka ga irin littafin nan a hannun yaro, ka karɓa ka karanta tukuna kafin ka yi magana. Sa'an nan ka zauna da shi, ka tambaye shi abin da ya fahimta, ka gaya masa naka ra'ayin da dalilinka, ba da zagi ba, ba da bulala ba. Yaron da aka kunyata a gaban aji ba zai bar karatun ba, sai dai ya bar gaya maka abin da ke ransa.

Ga marubutanmu kuma akwai aiki. Muna da ramukan kuza na Jos, muna da masaƙun Kaduna da suka mutu suka bar dubban ma'aikata, muna da aljannu da dodanni cike da tatsuniyoyinmu. Kayan miya sun haɗu, saura mai girki. In ba mu rubuta wa samarinmu labarin da zai hana su barci ba, to, lalle na wani za su karanta.